Ɗan Tsuntsu Mai Farin Maƙogwaro, Baƙon Ƙaya

In kaka ta yi, aka yanke gero, dawa ta fara nuna, akwai wani ɗan tsuntsu da yakan sauka ƙasarmu ba wanda ya yi masa maraba. Shamuwa in ta zo kowa ya sani, yara su yi ta murna, manoma su shiga gyaran gona. Wannan kuwa da dare yake isowa, ya faɗa cikin ruƙuƙin magarya ko sarƙaƙiya, ya yi wata bakwai yana tsince-tsince, sa'an nan ya tashi da dare kamar yadda ya zo. Mai wucewa in ya hange shi sai ya ce gwara ne, ko kuwa ya ce ɗan tsuntsu ne kawai, ya yi gaba. Alhali kuwa shi ne tsuntsun da ƙarancinsa a Ingila ya ba da labarin farin ƙasashenmu tun duniya ba ta farga ba. Don haka muka ga ya kamata a san shi, a iya rarrabe shi da 'yan'uwansa.

Ingilishi suna kiransa da wani suna wanda ma'anarsa ita ce mai farin maƙogwaro, kuma da haka za mu riƙa kiransa a nan. Wani masani Baturen Ingila, John Latham, shi ya fara rubuta siffarsa cikin littafin ilmi a shekarar 1787. Sunansa na Latin a yau Curruca communis. Wanda ya duba tsofaffin littattafai zai tarar an rubuta Sylvia communis, kada wannan ya ruɗe shi, tsuntsu ɗaya ne, dangin ne aka sake rabawa.

Tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya kamar santimita 14, watau kusan tsawon gwara, amma ya fi gwara siranta da tsawon wutsiya. Nauyinsa wajen giram 14 ko 15, kwatankwacin ƙwayar sukari huɗu. Abin da za a fara dubawa shi ne baki. Bakin gwara da na jan-baki da na kanari gajere ne mai kauri, na fasa tsaba. Bakin wannan kuwa siriri ne kamar tsinke, na tsintar ƙwari. Da wannan kaɗai an fid da shi daga cikin masu cin hatsi, kuma manomi ya san ba shi da abin tsoro a gare shi. Bai taɓa zangarniya ba, tsutsar da ke cin ganye ita yake nema.

To, amma masu siririn baki suna da yawa a daji, kuma galibinsu launin ƙasa ne. A nan ne ake bukatar natsuwa.

Alama ta farko ita ce wadda ta ba shi suna. Maƙogwaronsa fari ne fat, kuma farin ya tsaya daidai inda ƙirji ya fara, bai malala ƙasa ba. Ƙirjin yana da ɗan duhu, a jikin namiji har da sirkin ja kaɗan kamar an shafa. In ya ji motsi, ko ya ga maciji ko kyanwa, sai ya kumbura gashin maƙogwaron ya fito kamar gemun tsoho, ya kuma ta da gashin kansa ya yi ɗan tukku. Wanda ya taɓa ganinsa cikin wannan hali ba ya mantawa.

Amma alamar da ta fi amfani, a ganinmu, ba maƙogwaro ba ce, fiffike ne. Gefen gashin fiffikensa ja ne irin jan tsatsa ko jan kunya ta gini, har in ya naɗe fiffiken sai ka ga kamar an ɗora masa jan ƙyalle a kafaɗa zuwa baya. Namiji yana da wannan, mace tana da shi, ɗan bana ma yana da shi. Dalilin da ya sa muka fifita wannan alama shi ne kan tsuntsun yana sakewa. Namiji babba kansa toka-toka ne, da ɗan farin zobe kewaye da ido. Mace da ɗan bana kuwa kansu launin ƙasa ne kamar bayansu. Har namijin ma sa'ad da ya iso da kaka kansa yakan dushe, ba ya fitowa sosai sai wajen bazara. Wanda ya dogara da tokar kai zai ɓata rabin tsuntsayen da ya gani. Jan fiffike kuwa yana nan kullum. Bayan wannan sai a duba ƙafa, ita kuwa mai haske ce, kamar launin busasshen kara, sa'an nan in ya tashi a ga farin layi a gefen wutsiya ta kowane sashi.

Ba ya son sarari, ba ya son ƙolin dogon itace. Cikin ƙaramin ruƙuƙi yake, daga gwiwar mutum zuwa ɗan sama da kansa, yana kutsawa tsakanin ƙaya ba hutawa. In an matsa masa sai ya yi gajeren tashi ƙasa-ƙasa, wutsiya tana lilo, ya sake nutsewa cikin wata duhuwa. Sau da yawa kunne ne zai fara sanar da kai yana nan, domin yana da wani kuka mai kaushi, carrr, kamar mai tsaki cikin fushi, yana maimaitawa daga cikin ƙaya. In ka tsaya cik ba ka motsa ba, son sani yakan fito da shi ya leƙe ka. Lokacin ne za ka duba fiffike da ƙafa.

Akwai uku da ake ruɗa shi da su a ƙasarmu. Na farko ƙanensa ne, Curruca curruca, shi ma baƙo ne daga Turai, ya fi yawa ta wajen Borno da Chadi zuwa Sudan. Shi ma maƙogwaronsa fari ne, nan ne ruɗanin. Amma ya fi ƙanƙanta kaɗan, bayansa ya fi toka, kuncinsa ya yi duhu kamar ya sha kwalli har ya zarce, ƙafarsa baƙa-baƙa ce, kuma ba shi da ɗigon ja a fiffike. Na biyu wani ƙaramin baƙo ne daga ƙasashen bakin Bahar Rum, mai son bagaruwa da farar ƙaya. Namijinsa ba wuya, domin maƙogwaronsa da ƙirjinsa ja ne, yana da jan zobe a ido da farin layi kamar gashin baki. Macen ce mai wahala, don ta koɗe ƙwarai. Ko ita ma in an duba fiffike an rasa jan tsatsa, an gama magana. Na uku kuwa ɗan gida ne, Prinia subflava, wanda ke nan rani da damina, yana sheƙa cikin ciyawa. Shi yana da farar gira, wutsiyarsa doguwa siririya kusan rabin tsawonsa, yana ɗaga ta sama yana karkaɗawa. Mai farin maƙogwaro ba shi da farar gira. Kuma in ka ga tsuntsu irin wannan a tsakiyar damina, watan Yuli ko farkon Agusta, to ba baƙonmu ba ne, domin a lokacin yana can Turai.

Hausawa suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan kam waƙarsa ta sosai can yake yinta. Yana isa Turai tsakiyar Afrilu zuwa Mayu, namiji ya riga mace, ya kama wani shinge na gona ko ruƙuƙin ƙaya ya ce nasa ne. Sai ya hau kan tsinke ya yi 'yar gajeriyar waƙa mai kaushi da sauri, wani lokaci ya yi tsalle sama yana waƙa yana rawa a iska, ya sake faɗowa. Yana da wata ɗabi'a mai ban dariya: yakan fara gina sheƙa biyu ko uku bai gama ko ɗaya ba, mace in ta zo ta zaɓi wadda ta yi mata ta ƙarasa, ko kuwa ta ƙi duka ta yi tata. Sheƙar ƙasa-ƙasa take, cikin wani ganye mai ƙaiƙayi da ya yawaita a gefen gonakinsu, har mutanen ƙauyen Ingila suka yi masa laƙabi da mai rarrafe cikin ƙaiƙayi. Ƙwai huɗu ko biyar, kwanci kamar kwana 12, uwa da uba duka suna yi, 'ya'ya kuma su bar sheƙa bayan kwana 10 zuwa 12. Da Agusta da Satumba sai a kamo hanyar kudu. In aka lissafa, zamansa a can bai fi wata huɗu ba, a nan kuwa wata shida zuwa bakwai. Turawa suna cewa tsuntsunsu ne mai zuwa Afirka gudun sanyi. Mu ma muna da hujjar cewa namu ne mai zuwa ci-rani ya yi aure ya dawo.

Tsakaninmu da can kuwa akwai Bahar Rum, akwai Hamada, wadda faɗinta daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 2,000 a wurare da yawa. Da dare yake tafiya. Binciken da aka yi da na'urar hangen jiragen sama a hamadar Muritaniya ya nuna galibin ƙananan tsuntsaye irinsa sukan sauka da rana su laɓe a inuwar dutse ko ta ɗan kututture, ba ci ba sha, rana ta faɗi su ci gaba. Guzurinsu duka a jikinsu yake, watau kitse. Kafin ya tashi daga ƙasarmu da bazara dole ya tara shi, har waɗansu nauyinsu ya zarce giram 20. Wanda bai tara ba, rairayi ne kabarinsa.

To, da me yake tara kitse a watan Maris da Afrilu, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau, ko akuya tana wahala? An sami amsar wannan a Malam Fatori, can arewacin Borno, kusa da inda Komadugu Yobe ke shiga Tafkin Chadi. A watan Maris da Afrilu na 1967 ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Biritaniya ta aiko da mutane can, cikinsu akwai John Ash da James Ferguson-Lees da Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Suka kafa raga mai siririn zare, suna kama tsuntsaye suna aunawa, suna sa musu zobe a ƙafa suna saki. Suka tarar mai farin maƙogwaro, wanda duk ɗari ƙwari yake ci, ya koma kan 'ya'yan itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira arak, yana ta haɗiya yana ƙiba. Wannan itace yana 'ya'ya ƙanana jajaye daidai ƙarshen rani, lokacin da ba wani abu a daji. Daga baya an sake ganin haka a arewacin Senegal. Itacen da muke haƙar saiwarsa don goge haƙora, raƙumi yana cin ganyensa, ashe shi ne kasuwar guzurin matafiyin Hamada.

Shekara biyu bayan wannan tafiya aka ga abin al'ajabi a Ingila. Tun 1962 wata ƙungiya da ake gajarta sunanta BTO ta sa mutanen sa-kai suna ƙidaya tsuntsayen da ke waƙa a waɗansu gonaki da dazuzzuka kowace shekara, wuri ɗaya, hanya ɗaya. Mai farin maƙogwaro yana cikin waɗanda suka fi yawa, kusan ba shingen da ba ya. Ya tashi da kakar 1968 lafiya lau. Da bazarar 1969 ta zo aka jira, shinge ya yi tsit. Da aka tattara lissafi sai aka ga fiye da kashi 70 cikin 100 ba su dawo ba, watau kusan uku cikin kowane huɗu. Aka yi ta zato. Waɗansu suka ce maganin ƙwari ne, waɗansu suka ce guguwa ce ta same su a hanya, waɗansu suka ce cuta. Sai a 1974 mutum uku, Derek Winstanley masanin yanayi, da Robert Spencer da Kenneth Williamson masana tsuntsaye, suka buga bayani cikin mujallar Bird Study. Suka jera lissafin tsuntsun kusa da lissafin ruwan sama na ƙasashen bakin Hamada, suka nuna cewa daminar 1968 ta gaza ƙwarai a wannan yanki, bayan shekarun ni'ima na 1950 zuwa tsakiyar 1960. Ruwa ya gaza, ganye ya gaza, ƙwari suka gaza, 'ya'yan itace suka gaza. Tsuntsu bai sami kitse ba, kuma Hamadar da zai ƙetare ta ƙara faɗi, tun da bakinta na kudu ya bushe.

Dattawanmu ba sa bukatar a gaya musu abin da ya biyo baya. Farin ya ci gaba har ya zama yunwar 1972 zuwa 1974, shanun Fulani da raƙuman Buzaye suka faɗi ba adadi, mutane suka bar garuruwansu daga Senegal har Habasha. A 1973 Tafkin Chadi ya rabu biyu. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma bai fi 2,000 ba a tsakiyar shekarun 1980, bayan fari na biyu na 1983 da 1984, har Malam Fatori da take bakin ruwa ta koma tudu. A wannan fari na biyun ma lissafin tsuntsun ya sake faɗuwa a Turai. Abin lura a nan shi ne jerin lokaci. Manyan gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji na duniya ba su motsa sosai ba sai 1973. Ɗan tsuntsu mai nauyin sukari huɗu kuwa ya kai labarin tun 1969, ba a dai iya karanta wasiƙar ba. Da ruwa ya ɗan gyaru daga shekarun 1990 ya farfaɗo, amma har yanzu a Ingila bai koma yawansa na kafin 1969 ba.

Kada a ɗauka tsuntsayen da muke gani a Kano ko Damagaram su ne na Ingila. Na Ingila galibinsu can yamma suke sauka, wajen Senegal da Muritaniya da Mali. Namu daga wani wuri suke, kuma a Jos aka tabbatar. A Laminga, kusa da dajin Amurum, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka buɗe a 2002. Claudia Tapia-Harris da Will Cresswell na Jami'ar St Andrews da abokan aikinsu na cibiyar sun ɗaura wa waɗansu tsuntsayen 'yar na'ura a baya, wadda ba ta kai giram ɗaya ba. Aikinta ta riƙa rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kullum, daga nan a lissafa inda tsuntsu yake a duniya. Sai dai dole a sake kama tsuntsun a shekara ta gaba kafin a karanta. Abin da suka buga a 2022 ya nuna waɗanda aka sake kamawa a gabashin Turai suka yi sheƙa, tafiyar kilomita wajen 5,000 zuwa, wajen 5,000 dawowa. Ya kuma nuna ba kai tsaye suke zuwa Jos ba. In sun ƙetare Hamada sukan fara yada zango a arewa, bakin Hamada, inda damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, sai ƙasa ta bushe kana su gangaro kudu. Kuma an ga tsuntsu yana komawa wurin da ya yi ɗarin bara, wani lokaci kusan ruƙuƙi ɗaya. Wannan ya sa ake iya sake kama shi. Wannan kuma ya sa in an sare ruƙuƙin, ya dawo ya tarar da fili.

Ga shi kuwa ba kowane itace ne yake masa amfani ba. Wani masani ɗan Holan, Leo Zwarts, da abokansa sun yi shekaru suna bin bakin Hamada suna ƙidaya tsuntsaye itace bayan itace. Suka ga baƙin tsuntsaye masu cin ƙwari sun taru ne a kan itatuwa 'yan kaɗan, kuma kusan dukansu masu ƙaya ne, irin su gawo da aduwa da dangin bagaruwa, sai kuma asuwaki saboda 'ya'yansa. Hikimar ita ce itacen da ya kare kansa da ƙaya ganyensa ba ya da ɗaci sosai, sai tsutsa ta yawaita a kai. Wanda ba shi da ƙaya kuwa da ɗaci ko guba yake tsare kansa. Shi ya sa darbejiya da itacen turare, waɗanda aka cika shukawa a garuruwanmu don inuwa da tare iska, kusan wofi suke ga waɗannan tsuntsaye. Ba mu ce darbejiya ba ta da amfani ba, wanda ya sha inuwarta a watan Afrilu ba zai faɗi haka ba. Amma in an sare aduwa goma aka dasa darbejiya goma, a takarda lissafi ya daidaita, a daji kuwa bai daidaita ba.

Gawo ya fi kowa dacewa da baƙon, tun da shi ne itacen da ke saɓa wa 'yan'uwansa, ya zubar da ganye da damina ya fitar da rani, daidai watannin da tsuntsun ke nan. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980, sun koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna sassabe shi suna raino maimakon su ƙone, har an ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai hekta miliyan 5, kuma gawo yana da yawa a ciki. Don gero da abincin dabbobi da itacen wuta suka yi, ba don tsuntsu ba, amma tsuntsu ya ci arzikin.

Wanda yake so ya gan shi da idonsa, lokacin da ya fi kyau shi ne ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, da sassafe kafin rana ta yi zafi, a gefen gona inda aka bar magarya da kalgo da sabara, ko inda asuwaki ya nuna. A lokacin kan namiji ya yi toka sosai, ƙirjinsa ya cika da kitse, kuma yakan fara gwada waƙarsa ƙasa-ƙasa daga cikin ƙaya, kamar maroƙi yana gyara murya kafin biki. In kuwa yara sun harbo wani da danƙo aka ga zobe a ƙafarsa, kada a yar. A jikin zoben akwai lamba da sunan garin da aka sa shi. A rubuta su daidai, tare da rana da sunan ƙauyen da aka same shi, a aika wa cibiyar da ke Laminga. Kafin ƙarshen mako na farko na Mayu galibinsu sun tashi, sai kuma Satumba.